Kasuwa Cikin Ɗaki: Yadda Ake Sayayya a Ƙasar Aislan

Yau za mu leƙa Aislan, wani tsibiri can arewacin Turai. Mutanenta wajen dubu 390 ne, ba su ma kai yawan jama'ar ƙaramar hukumar Nasarawa ta Kano ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku suna zaune a babban birnin, Reykjavik, da kewayensa.

Uwargida, sanyin can ba irin hunturunmu ba ne. A watan Disamba rana ba ta wuce kamar awa huɗu a sama, ga iska ga ƙanƙara. To wa zai tsaya ciniki a fili? Shi ya sa a 1987 aka buɗe Kringlan, wani ƙaton gini mai shaguna fiye da 100 ƙarƙashin rufi ɗaya: tufafi, kayan abinci, magani, wuraren cin abinci, har da silima. A 2000 garin Akureyri na arewa ya samu tasa, Glerártorg, sannan a 2001 aka buɗe Smáralind a Kópavogur. Yawancin gine-ginen ƙasar da ruwan zafin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ake ɗumama su, don haka mace za ta shiga da goyonta, ta cire rigar sanyi, ta yi sayayya a natse.

Sai dai fa babu tayi, babu "albarka", babu gyara. Kuɗin da aka liƙa a jikin kaya shi za ki biya, galibi da kati. Mai shago bai san mijinki ba balle ya ce ki kawo kuɗin ƙarshen wata. Mu da dillaliya ke shigo mana da atamfa har tsakar gida, a biya kaɗan-kaɗan, mun san wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Kuma an tsara wuraren ne yadda wadda ta je sayen madara sai ta ratsa gaban shagunan takalma da turare.

Waɗanda suka ji a jikinsu su ne ƙananan 'yan kasuwa na tsohon titin sayayya, Laugavegur. Sunan yana nufin hanyar wanki, domin an yi titin a 1885 saboda matan da ke ɗaukar kayan wanki zuwa maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙafa. Da manyan kasuwannin nan suka zo da filin ajiye mota, masu saye suka ragu a titin, wasu shaguna suka koma can. Titin bai mutu ba, amma yanzu baƙi masu yawon buɗe ido ne suka fi cika shi, shaguna da yawa sun koma sayar da tsaraba da rigunan ulu.