Zaɓin Harshe a Ƙagaggun Labaran Ƙasar Ayilan

Manufar wannan takarda ita ce nuna yadda zaɓin harshe ya shafi makomar wasu littattafai uku na ƙasar Ayilan, inda Ingilishi ya daɗe da danne harshen gado, wato Gelik.

Da Ingilishi James Joyce ya rubuta Dubliners (1914), tarin gajerun labarai 15 a kan rayuwar mazauna birnin Dablin. An fassara shi zuwa harsuna masu yawa, ana kuma koyar da shi a jami'o'in duniya.

Shi kuwa Máirtín Ó Cadhain, da Gelik ya rubuta Cré na Cille (1949). Taurarin labarin matattu ne da ke kwance a wata maƙabarta ta yankin Konamara, suna ci gaba da gulma da gāba irin ta ƙauye. Kusan duk littafin zance ne cikin karin harshen yankin. Masana na sanya shi a sahun gaba na adabin Gelik, amma ba a buga fassararsa ta Ingilishi ba sai a 2015, bayan shekara 66. Haka kuma An Béal Bocht (1941) na Flann O'Brien, wanda ya yi zambo ga masu kambama talaucin karkara, sai a 1973 aka fassara shi.

Daga nan za a fahimci cewa nagartar littafi ita kaɗai ba ta kai shi nesa. Wajibi ne manazarta harsunan Nijeriya su ɗauki fassara da muhimmanci.