Ko Kun Sani? Farin Furen Da Ke Cikin Binta Sudan

Ko kun san cewa turaren nan na Bint el Sudan, wanda iyayenmu mata ke kira Binta Sudan, ya haura shekara 100 a duniya? Kamfanin W.J. Bush na Landan ne ya fara haɗa shi a 1920, yau kuwa a nan Kano ake yin sa.

Sirrin taushinsa fararen furanni ne, musamman yasmin. Furen yasmin da dare yake buɗewa, shi ya sa a gonakin Masar ake tsinkarsa da hannu tun kafin rana ta fito, don zafi na kwashe ƙamshin. Sai an tara dubban furanni kafin a samu ɗan ɗigon mai.

Abin da ya fi burge ni game da Binta Sudan shi ne, turaren mai ne, babu barasa a cikinsa. Yana kwanciya a fata da tufafi a hankali, ba ya hawa kai, ko a zafin bazara. Masu haɗa humra da turaren wuta ma sun san darajarsa.

In kun shiga Kasuwar Sabon Gari, a ƙaramar hukumar Fagge, ku nemi turaren, ku ɗiga kaɗan a bayan hannu, ku ɗan jira kafin ku sansana.