Haƙoran Zarto da Jijiyar Itace

Masassaƙan Sabon Birni da Isa sun daɗe da sanin cewa ƙirya ita ce ta turmi da taɓarya, aduwa kuwa ta allo. Dalili yana cikin ƙwayoyin halittar itacen: na ƙirya masu kaurin bango ne, a matse, shi ya sa take saurin dakushe gizago.

Ilmin nan yana yi wa kafinta jagora wajen yankan ado. Katako marar kauri yana son zarto mai ƙananan haƙora. Mai kauri ko ɗanye kuwa sai manyan haƙora masu kwashe dusa, don kada ƙarfen ya yi zafi. Zane mai yawan lanƙwasa sai siririn zarto, kuma a shimfiɗa shi bisa tsawon jijiya, domin siririn sashen da ya gitta ta shi ke fara karyewa.

Ƙirya tana ƙaranci a ƙasar Gobir, ga jinkirin girma. Duk katakon da aka ɓata asarar shekaru ce.