Sa'ad da Sikeli Ya Tsaya: Allurar Rage Ƙiba a Shekarun Yanke Haila

Tun daga shekarar 2021, lokacin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da allurar Wegovy don rage ƙiba, sa'an nan ta bi ta da Zepbound a 2023, labarin waɗannan magunguna ya game duniya, har ya iso ga matanmu na birane waɗanda Allah ya hore wa abin saye, gama tsadarsu ba ta kowa ba ce. Aikinsu shi ne su kwaikwayi wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, ya kuma jinkirta saukar abinci daga tumbi, ta yadda mai shan allurar sau ɗaya a mako za ta ga ta ture kwano tun tuwon bai kai rabi ba. Amma akwai wani kuka da ya yawaita a bakin matan da suka haura shekara 40, waɗanda hailarsu ta fara rikicewa: a watannin farko nauyi ya yi ta sauka, sa'an nan sai ya cije wuri guda, mako ya bi mako, alhali kuwa ba a fasa allura ba, ba a kuma ƙara loma ba.

Abu na farko da ya wajaba a sani shi ne, wannan tsayawa tana cikin ɗabi'ar maganin, kuma tana samun namiji da mace, yaro da babba. A babban gwajin da aka yi wa sinadarin Wegovy, wanda aka buga sakamakonsa a 2021, an bi mutum 1,961 har mako 68, aka tarar waɗanda aka yi wa maganin daga cikinsu sun rage kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, amma saukar ta riga ta lafa tun wajen mako na 60. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kamar yadda ƙaramar tukunya ba ta cin itacen da babba ke ci, haka jikin da ya sauke kilo 12 ba ya bukatar abincin da yake bukata a dā, don haka cimar da ta kasance ragi a watan farko sai ta zama daidai wa daida a wata na goma. Bugu da ƙari, jiki, bisa hikimar da aka halicce shi a kanta, yana ɗaukar ramewa a matsayin alamar yunwa, sai ya rage ƙona abinci, ya kuma ƙara kiran ci, har ƙarfin maganin da ƙarfin jikin su yi kunnen doki.

To, a kan wannan ne shekarun yanke haila ke ɗora nasu nauyin. Galibin mata, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, hailarsu na ɗaukewa tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma likitoci ba sa hukunta cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Amma kafin nan akwai wasu shekaru na kai-komo, sau da yawa huɗu ko fiye, waɗanda a cikinsu jinin kan zo da wuri ko ya makara, ya yi yawa ko ya yi kaɗan, har mace ta rasa yadda za ta lissafa kwanakin sallarta da azuminta sai ta nemi fatawa. A waɗannan shekaru sinadarin estrojin, wanda ƙwayayen mace ke samarwa, yakan yi ta hawa da sauka kafin ya ja baya gaba ɗaya, kuma ja da bayansa yana sauya wurin da jiki ke ajiye kitse, daga cinya da ɗuwawu zuwa ciki.

Mafi amfanin abin da aka gano game da wannan, a ganina, ya fito ne daga wani dogon bincike da ake kira SWAN, wanda ya bi mata sama da 3,000 a Amurka tun daga 1996. Masu binciken sun bayyana a 2019 cewa da zarar mace ta shiga wannan zango, saurin taruwar kitse a jikinta yakan ninka, tsoka kuma ta fara raguwa, haka kuma lamarin ke tafiya har kimanin shekara biyu bayan hailar ƙarshe. Sai dai abin mamaki, saurin hawan nauyi a kan sikeli bai canza ba. Ma'anar wannan ita ce sikeli, wanda ba ya bambance kitse da tsoka da ruwa, makahon shaida ne a wannan shari'a. Yana iya tsayawa alhali kitsen ciki na narkewa, yana iya sauka alhali tsoka ce ke zubewa, kuma ruwan da jiki ke riƙewa gab da haila, ko taurin bayan gida da allurar kanta ke haddasawa, sun isa su ɓoye ragin mako biyu ko uku. Tef ɗin tela da aka zagaya a ƙugu daidai cibiya sau ɗaya a wata, da yadda tsohon siket ke zama a jiki, sun fi shi faɗin gaskiya.

Batun tsoka ya cancanci a daɗe a kansa, domin nan ne kuskure ya fi aukuwa. Duk wanda ya rame, da magani ko ba da magani ba, wani kaso na abin da ya rasa tsoka ce, ita kuwa tsoka tana cin abinci ko da mutum na zaune. Macen da allura ta kashe wa sha'awar ci, idan ta ga sikeli ya tsaya, abin da ke fara zuwa zuciyarta shi ne ta ƙara ƙuntata wa kanta, ta wuni a kan shayi da biskit, ta kwana a kan koko. Da haka sai ta tara wa jikinta asara biyu, ta shekaru da ta yunwa, a daidai lokacin da ƙashinta ma ya fara rauni saboda ƙarancin estrojin. Abin da likitoci ke shawarta shi ne akasin haka: tun da cikin ba ya ɗaukar da yawa, a fara cika shi da abin da ke gina jiki, wato ƙwai da kifi da wake da nono da awara da nama marar kitse, tare da ganye irin su zogale, sa'an nan tuwo ko shinkafa su biyo baya gwargwadon wurin da ya rage. A kuma lura da abin sha, gama fura mai sukari da lemon kwalba da shayi mai kauri suna wucewa ba tare da sun ƙosar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar kowane baligi da ya yi motsa jiki mai ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, kuma wannan ba ya bukatar zuwa gidan motsa jiki. Tashi da zama daga kujera sau goma-goma, ko ɗaga galan mai ruwa a tsakar gida, aiki ne da tsoka ke ji.

Akwai kuma barci, wanda ba a cika kawo shi cikin lissafi ba. Zafin da ke taso wa mace farat ɗaya da gumin dare da ke jiƙa matashi sukan raba dare gida uku, kuma an tabbatar cewa ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari. Haka nan ya kamata likita ya duba tairod da ke maƙogwaro, domin raunin aikinta ya yawaita ga mata a wannan shekaru kuma alamunsa suna kama da na yanke haila, ya kuma tambayi sauran magungunan da ake sha, tun da insulin da wasu magungunan damuwa da dangin waɗanda ake kira sha-ka-fashe duk suna sa ƙiba.

Wajibi ne a bambance wadda ta sauka sosai sa'an nan ta tsaya da wadda tun asali ba ta sauka ba. Ta farko maganin ya yi mata aiki, kuma yana nan yana yi, domin a gwajin da muka ambata waɗanda suka daina allurar sun mayar da kimanin kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a cikin shekara guda. Sau da yawa kuma sukarinta da hawan jininta sun riga sun gyaru ko da ba ta kai adadin da ta yi buri ba. Ta biyu kuwa tana cikin tsirarun da maganin bai karɓe su ba, kuma a Ingila ƙa'idar ita ce idan an yi wata 6 ba a rage kashi 5 cikin 100 ba, a sake shawara ko a dakatar. Ƙara awon allura, ko sauya ta da wata, ko haɗa ta da maganin mayar da estrojin ga wadda zafin jiki ya addaba, duk hukunci ne na likita, ba na ƙawa ko mai talla a waya ba, balle ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2024 cewa jabun allurar sinadarin Wegovy sun shiga kasuwa. Ya kamata kuma matar aure ta tuna cewa rikicewar haila ba yankewar haihuwa ba ce: ba a shan waɗannan allurai da juna biyu, sinadarin Zepbound yana iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ake haɗiya, wadda ke kan Wegovy kuwa ana son ta dakatar da ita wata biyu kafin ta nemi ciki.