Sakkwato zuwa Kano: Kusa ta Sama, Nesa ta Ƙasa

Tsakanin filin jirgin saman Sultan Abubakar III da ke Sakkwato da na Malam Aminu Kano akwai kimanin kilomita 370, idan aka miƙe ɗoɗar ba ratse. Layin zai bi ta saman Ƙaura Namoda, ya ratsa jihar Katsina ta wajen Dutsinma, ya faɗa Kano. Jirgin fasinja ba ya cika awa guda a kan wannan tazara, har da tashi da sauka.

Ɗan kasuwar Maikujera a ƙaramar hukumar Rabah, wanda ya sayar da albasarsa yana son zuwa Kantin Kwari saro atamfa, lissafinsa daban ne. Zai yi sammako ya shigo Sakkwato, ya zauna a tasha sai mota ta cika. Daga nan a kama hanyar Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa. Kwalta ta karkata kudu kafin ta juyo, shi ya sa tafiyar ta kai wajen kilomita 500 ko fiye. Ga ramuka, ga shingayen jami'an tsaro, ga fargabar 'yan bindiga da ta sa direbobi ba sa yarda dare ya same su tsakanin Gusau da Funtuwa. Wuni guda ke nan ya tafi.

To, me zai hana ya hau jirgi? Ko da kuɗin tikiti a aljihunsa, yawancin jiragen fasinja da ke tashi daga Sakkwato Abuja suke nufa ko Legas. Mai son zuwa Kano ta sama sai ya fara yin kusan kilomita 490 zuwa Abuja, ya jira, sannan ya ƙara wajen 360 ya dawo arewa. Jimilla kimanin 850, fiye da ninki biyu na ainihin nisan, kuma da tikiti biyu.

Dalilin na ciniki ne. Jirgi ya fi shan mai a lokacin tashi da hawa sama, kuma kuɗin sauka a fili da na ma'aikata ba sa raguwa don tafiya gajera ce. Idan kujeru ba su cika ba, kamfani ya yi asara, don haka yake bin inda ma'aikatan gwamnati da manyan 'yan kasuwa suka fi zirga-zirga. A lokacin hunturu kuma hazo kan rufe filayen arewa har a soke tashi.

Abin takaici ne ga yankin da ya daɗe da sanin jirgi. Tun a watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Yau kuma duk shekara maniyyatan Wurno da Goronyo da Rabah suna tashi daga Sakkwato zuwa Saudiyya, tafiyar kilomita sama da 3,700 idan Jidda aka nufa. Wanda ke da mara lafiya da aka tura Asibitin Koyarwa na Aminu Kano bai samu irin wannan sauƙin ba. Ƙananan jirage masu farfela, masu kujeru 50 zuwa 70, don irin wannan gajerar tazara aka ƙera su, kuma ya kamata gwamnatocin Sakkwato da Kano su zauna da kamfanonin jirage a kan maganar.