Sinadarin Mazantaka da Ginin Ƙashi

Mutane da yawa na ɗaukar ƙashi tamkar busasshen itace, alhali kuwa abu ne mai rai, wanda ake rushewa ana sake ginawa muddin mutum na numfashi. Ƙwayoyin halitta iri biyu ne ke wannan aiki: masu rusau, waɗanda ke narkar da tsohon ƙashi, da magina, waɗanda ke cike gurbin da sabo. Ta haka ake sabunta kimanin ɗaya bisa goma na ƙasusuwan baligi a kowace shekara. Idan rusau ya rinjayi gini, sai ƙashi ya rarake, ya riƙa karyewa cikin sauƙi.

A jikin namiji, sinadarin testostiron, wanda 'ya'yan maraina ke samarwa, yana cikin masu daidaita wannan aiki. Lokacin balaga yakan sa magina su yi ta jera sabon ƙashi a bayan tsoho, don haka ƙashin namiji ya fi na mace kauri. Yana kuma ƙara tsoka, ita kuwa tsoka jan da take yi wa ƙashi na ƙara masa ƙwari.

An daɗe ana zaton aikin na testostiron ne shi kaɗai, sai a shekarar 1994 likitoci a Amurka suka ba da rahoton wani mutum ɗan shekara 28, mai tsawon santimita 204. Testostiron ɗinsa lafiya lau, amma tsawonsa bai daina ƙaruwa ba, ƙasusuwansa kuma ba su da ƙwari. Bincike ya nuna cewa jikinsa ba ya jin saƙon istirojin, wato sinadarin da aka fi sani a jikin mata.

Ashe jikin namiji na juya wani ɓangare na testostiron ya koma istirojin, ta hanyar wani sinadari mai suna aromates. Istirojin ɗin ne ke taka wa masu rusau birki. Shi ne kuma ke rufe faifan guringuntsi da ke kusa da bakin dogayen ƙasusuwa, inda tsawo ke ƙaruwa. Da zarar faifan ya rufe, tsawo ya tsaya ke nan.

A nan akwai abin lura ga samari. Yaron da ya sha ƙwayoyin ƙara tsoka masu ɗauke da testostiron kafin ya gama girma, yana iya rufe faifan nan tun lokaci bai yi ba, ya yi asarar tsawon da ba ya dawowa. Yawancin ƙwarin ƙashi kuwa kafin shekara 30 ake tara shi, kuma da wannan ajiya mutum zai shiga tsufa, lokacin da sinadaran ke raguwa. Motsa jiki, da hasken rana, da abinci mai sinadarin kalsiyam irin su nono da zogale, su ne ke taimaka wa magina a waɗannan shekaru.