Ƙofar Da Ta Raba Kudancin Kaduna Da Makantar Kogi

Duk wanda ya san ƙauyukan bakin Kogin Kaduna a ƙasar Zangon Kataf da maƙwabtanta Kauru da Lere shekaru arba'in da suka wuce, ya san abin da ake nufi da makantar kogi. Magidanci da sauran ƙarfinsa sai a gan shi zaune a gindin bishiya yana susa, fatar ƙwaurinsa ta yi dabbare-dabbare, idan zai tashi kuwa sai ɗan yaro ya ja masa sanda. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne da ke hayayyafa a inda ruwa ke gudu da ƙarfi yake ɗauko tsutsar daga jikin wani ya kai jikin wani. Uwar tsutsar takan naɗe a cikin ƙullutu ƙarƙashin fata, ta shekara goma zuwa goma sha biyar tana zuba 'ya'ya ɗaruruwa a kowace rana, su kuma su bazu cikin fata har su kai ga ido.

Yau labarin ya sake. Abin da ya sake shi kuwa 'yar ƙwayar magani ce fara, wadda jama'a suka sani da suna Mectizan, likitoci kuma suke kira ibamektin. Amma fa kaɗan ne daga cikin waɗanda suka sha ta suka san dalilin da ya sa take karya lagon tsutsa ta bar mutum lafiya lau. Amsar tana cikin wasu ƙofofi da ido ba ya gani.

Jikin kowane mai rai, mutum ne ko tsutsa, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace kuma tana kewaye da wani tantani na maiƙo mai ruɓi biyu. Sirantakarsa ta kai a jera fiye da dubu goma kafin a sami kaurin takarda ɗaya. To, da yake mai da ruwa ba su gamuwa, gishiri da sukari da sauran abubuwan da ke narkewa cikin ruwa ba su iya ratsa wannan tantani. Ke nan ƙwayar halitta kamar birni ce mai ganuwa, irin Birnin Zazzau na da, ba a shiga ba a fita sai ta ƙofa. Ƙofofin nan su ne furotin-furotin masu ratsa tantani, watau waɗanda kansu ke waje, ƙafarsu ke ciki, tsakiyarsu kuma ta nutse cikin maiƙo. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren furotin da jikin ɗan Adam ke ƙerawa irin waɗannan ne, magunguna masu yawan gaske kuma a kansu suke aiki.

Furotin doguwar sarƙa ce ta 'yan duwatsu iri ashirin, kamar tsakiyar mata. Wasu duwatsun suna son ruwa, wasu suna gudunsa. Inda aka sami masu gudun ruwa kamar ashirin a jere, sai wurin ya murɗe kamar igiya, ya zauna daram a cikin tantani, domin tsawonsa ya yi daidai da kaurin maiƙon. Wata furotin sau ɗaya take ratsawa, wata sau bakwai, wata sau goma sha biyu. Aikinsu ma ya bambanta: akwai mai buɗewa a wuce, akwai mai tura kaya waje da ƙarfi kamar famfo, akwai kuma wadda nata kawai ta karɓi saƙo daga waje ta isar da shi ciki.

Ƙofar da ta shafi makantar kogi tana cikin jijiyoyi da tsokar tsutsotsi da ƙwari. Ginshiƙai biyar ne suka tsaya a da'ira suka bar rami a tsakiya, kowane ginshiƙi ya ratsa tantani sau huɗu. A rufe take, sai in wani sinadari mai suna gulutamet ya zo ya zauna a kanta, shi ne kuwa sinadarin da ke sa ɗanɗano a daddawa da farin magi. Sa'an nan ta buɗe na ɗan ƙiftawar ido, kuloraid ya shige, watau rabin gishirin da muke ci, jijiyar ta lafa, ƙofa ta koma ta rufe. Ibamektin kuwa sai ya cusa kansa tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, can cikin maiƙon, kamar yadda ake tokare ƙyaure da dutse. Ƙofa ta ƙi rufuwa, kuloraid ya yi ta kwarara, tsutsa ta shanye. Masana na kamfanin Merck ne suka gano wannan ƙofa a 1994, a 2011 kuma Ryan Hibbs da Eric Gouaux na Amurka suka fito da cikakkiyar siffarta da maganin maƙale a jikinta. Wani bincike da aka yi a Jami'ar McGill ta Kanada a 2010 a kan wata dangin wannan tsutsa ya nuna cewa a jikin 'ya'yan, ƙofofin sun taru ne a bakin kafar da suke fitar da ruwan da ke ɓoye su daga garkuwar jikin mutum. In kafar ta daina aiki, asirinsu ya tonu.

Abin mamaki shi ne magani ya riga ilmin. Satoshi Omura na Japan ya samo ƙwayar da ke yin sinadarin daga ƙasar da ya ɗebo a shekarun 1970, William Campbell ya gwada shi a kan tsutsotsi, aka fara sayar da shi don dabbobi a 1981. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin bayar da shi kyauta har sai an gama da cutar. Mutanen nan biyu sun sami rabin lambar Nobel ta likitanci a 2015.

Jihar Kaduna na daga wuraren da aka tabbatar wa duniya amfaninsa. Daga ƙarshen 1988, Farfesa Adenike Abiose, ƙwararriyar likitar ido a Kaduna, ta jagoranci gwaji a ƙauyuka 34 na jihar, sakamakon da aka buga a 1993 kuma ya nuna cewa shan maganin sau ɗaya a shekara ya rage lalacewar jijiyar ido da wajen rabi ga masu tsutsa da yawa. Daga baya rabon ya koma hannun mutanen gari da kansu, suna bi gida-gida da sandar awon tsawo, ana ba da ƙwaya ɗaya zuwa huɗu, ban da mai ciki da yaron da bai kai santimita 90 ba. Tun da maganin ba ya kashe uwar tsutsa, sai dai ya kashe 'ya'ya ya kuma hana ta haihuwa na wasu watanni, dole aka yi ta maimaitawa har tsufa ya kashe ta. A 2008 aka duba fatar mutum 3,703 a ƙauyuka 27 na yankin Birnin Gwari da na Kauru da Lere, ba a sami ko ɗaya da tsutsa ba. Yabon wannan aiki, a gaskiya, na masu ɗaukar sandar nan ne kafin kowa.

To, me ya hana maganin ya shanye mutum? Da farko ɗan Adam ba shi da irin wannan ƙofa. Yana da danginta, amma yawancinsu suna cikin ƙwaƙwalwa da laka, a nan kuwa akwai wani mai gadi, shi ma furotin ne da ya ratsa tantani sau goma sha biyu. Yana zaune a bangon ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa, duk ibamektin da ya nemi shiga sai ya tura shi ya koma cikin jini. An gane haka ne bisa tsautsayi a 1994, lokacin da aka fesa wa ɓerayen gwaji maganin a wani ɗakin bincike a ƙasar Holan, waɗanda aka cire wa mai gadin suka mutu, sauran kuwa ko a jikinsu.

Sai dai ƙarfin mai gadin yana da iyaka. Ibamektin ɗin allura da makiyayan Ladduga da masu kiwon aladu na kasuwar Katsit ke saye, an auna shi ne da nauyin dabba, mutumin da ya ɗirka wa cikinsa shi kuwa yana iya gamuwa da jiri, rawar jiki, har da suma. A 2007 kuma an ba da rahoto daga wasu ƙauyukan Gana cewa uwar tsutsa ta fara komawa haihuwa da wuri bayan shan magani, abin da ya ƙara wa masana himmar neman madadinsa. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da moksidektin, wanda ke tokare wannan ƙofa ɗin dai, amma ya fi daɗewa a jiki. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Jamhuriyar Nijar ta rabu da makantar kogi, ita ce ta farko a Afirka.